Akwatin da Yaya Ya Zo da Shi Daga Rasha

A ɗakin da ke kusa da kicin ɗina akwai kwamfutocin da babu ɗaya a cikinsu da za ta iya aika saƙo ko ta nuna maka hoton mutum. Dukansu 'yan Rasha ne, na zamanin da ake kiran ƙasar Tarayyar Sobiyat, kuma duk sun girmi 'ya'yana nesa ba kusa ba. Maigidana yana kiran ɗakin maƙabarta. Idan baƙi suka zo ya ga hira ta fara mutuwa, sai ya ce, "Ku tashi Malama ta kai ku ziyara." Su yi dariya, ni ma in yi, don ba kowace magana ake mayar wa miji a gaban mutane ba.

Ba son tarkace ne ya sa na tara su ba. Ni macen da ko tsohuwar tukunya ba na bari ta yi sati a gidana. Guda ɗaya tak nake nema, mai rai, irin ta babban yayanmu, don in kunna kaset-kaset ɗin da ya mutu ya bari, mutanen garinmu su ga da idonsu cewa ba taɓaɓɓe ba ne. Sauran duk a hanyar neman wannan ɗayar suka biyo ni gida.

Ƙauyenmu yana tsakanin Kura da Bunkure, gonarmu kuwa tana can ƙarshen kanal, inda ruwa yake isowa a gajiye, in ma ya ga damar isowa. Duk wanda ya yi noman rani a wajenmu ya san bambancin ɗan bakin ruwa da ɗan ƙarshe. Na sama su tare ruwa da buhunan ƙasa, su sha su ƙoshi har gonarsu ta yi taɓo, mu na ƙasa muna kallon tumatur yana yaushi. A yi faɗa, a je gaban mai gari, a yi sulhu, gobe a koma gidan jiya. Cikin wannan Yaya ya tashi. Da ya ci jarrabawa aka ba shi gurbin karatu a Rasha, sai ya ce shi ilimin ruwa zai karanta, ba likita ba, ba komai ba. Babanmu ya sa masa albarka, bai kuwa ga dawowarsa ba.

Yaya ɗan fari ne, Inna kuma mutuniyar da ce, ta riƙe kunyar ɗan fari kamar farilla. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Yaron nan" take cewa, ko "yayanku". Ba ta zama inda yake zaune, ba ta shiga ɗakinsa, in ya gaishe ta sai ta amsa tana kallon murhu. Tuwonsa ma ni take ba in kai. Muna yara mun ɗauka ba ta sonsa ne, sai da na girma na lura kullum naman da ya fi tsoka a kwanonsa yake.

Yana can ya taɓa aiko da kaset ta hannun wani ɗalibi da ya zo hutu. A lokacin haka na nesa suke gaida gida. Aka aro rakoda, aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, maƙwabta suka cika. Muryarsa ta fito, ya yi sallama, ya fara jero gaisuwa. Kafin ya kai kanta Inna ta miƙe, ta gyara ɗaurin zani, ta wuce bayan rumbu ta kama dakan da babu wanda ya sa ta. Ƙarar taɓaryarta ta danne rabin abin da ya ce. Kaset ɗin nan ya yi ta yawo gida-gida har rakodar wani ta tauna shi, Inna ba ta ji ko kalma ɗaya ba.

Da ya dawo, gari ya ɗauka zai zo da mota, in ta yi tsanani firji. Sai ga shi da wata ƙatuwar kwat mai nauyin bargo biyu, da littattafai, da wani faffaɗan akwati mai maɓallai, da leda cike da kaset. Baffa, ƙanen babanmu, wanda ya zama uban gida bayan rasuwarsa, ya jujjuya akwatin a hannu ya ce, "Duk shekarun nan, ashe tafireta ka je saye? Ita ma ba ta da wurin sa takarda." Aka bushe da dariya. Daga ranar ya zama Injiniyan Rasha, kuma ba da girmamawa ake faɗa ba.

Ni kaɗai yake bari in shiga shagonsa na ƙofar gida idan yana aiki, ina budurwa 'yar sakandare. Akwatin ba shi da fuska ta kansa, sai an jona shi da talabijin, irin baƙi da farin nan. Ba shi kuma da wurin ajiye komai a cikinsa. Duk abin da ka koya masa, da an ɗauke wuta ya manta, sai dai ka juye a kaset, gobe ka sake kunna masa ta rakoda ya saurara ya tuna. Idan wayar da ta haɗa rakoda da akwatin tana jone ba a jin komai a waje. Wata rana ya zare ta don in ji, sai wata ƙara ta cika ɗakin, tsuwwa mai shiga haƙori, kamar ana goga ƙusa a jikin kwano. Na toshe kunne. Ya yi dariya ya ce, "Ke ƙara kike ji. Ita karatu take ji."

Da ya mayar da wayar muka jira, sai layi ya fara fitowa a talabijin. Dogon layi ɗaya, sannan rassa, sannan 'yan murabba'ai a gefe da gefe. Kanal ɗinmu ne. Ya nuna mini wani ɗan gida a kusurwar ƙasa ya ce gonarmu ke nan. Idan ka gaya masa faɗin kowace gona da abin da aka shuka, sai ya tsara wa kowa ranarsa da tsawon lokacin da za a buɗe masa ruwa, ta yadda na ƙarshe ba zai kwana da ƙishi ba. Shi ya rubuta da kansa a can, cikin sanyin da ya ce yana tsaga leɓe, ya dawo ya yi ta gyarawa yana auna gonaki da igiya. Ban taɓa ganin abin da ya burge ni irin wannan ba, har yau kuwa da nake koyar da kwamfuta a makarantar 'yan mata.

Ya ɗauki akwatinsa da talabijin ɗinsa ya yi ta hawa ofis yana sauka. Wani ya ce ya dawo mako mai zuwa, wani ya ce sai an tantance takardunsa. Wani babba ya dube shi ya ce, "Malam, ƙasar da ta ba ka takardar ma ai ta rushe." A gida kuwa, waɗanda ke bakin ruwa su ne masu faɗa a ji, kuma babu mai son injin da zai ce masa ya isa haka, rufe. Sai aka fara cewa sanyin Rasha ya taɓa masa kai. Wasu suka ƙara da cewa ya baro sallarsa a can, mutumin da kullum yana sahun gaba. Abin da ya fi ci mini rai, mutanen ƙarshen kanal, waɗanda don su ya yi aikin, su suka fi kowa dariya. Ya haƙura ya kama koyar da lissafi a wata firamare a Bunkure, yana zuwa a keke. Aure ma bai samu ba, wa zai ba wanda ake ce wa taɓaɓɓe 'yarsa?

Wata rana da hantsi aka kawo wuta da ƙarfi, irin wadda take fasa ƙwan fitila. Akwatin yana jone. Muka ji ƙauri kamar na robar takalmi, shi ke nan. Ya tattara kaset-kaset ɗin ya ɗaure a leda, kowanne da rubutun Rasha a goshinsa. Ya ce mini, "Aikin yana nan a ciki. Duk ranar da aka samu irinta zai tashi." Ba a daɗe ba ya kwanta ciwo cikin damina, ciwon da bai ɗauki lokaci ba.

Bayan sadakar arba'in aka raba ɗan abin da ya bari. Baffa ya ɗauki kwat, wadda ya sha yi wa ba'a, ya yi shekara da shekaru yana zuwa ban ruwa da ita da sanyin safiya. Littattafan gara ta yi musu karatu. Akwatin da ya ƙone aka ba mai sayen gwangwan. Ledar kaset kuwa, ana cikin rabo Inna ta miƙa hannu ba tare da ta dubi kowa ba, ta ɗauke ta, ta kai ƙasan adakarta ta danne da zannuwa. Na ce ta ba ni in ajiye. Ta ce, "A bar su nan." Na sha gaya mata aikinsa ne a ciki, kada a taɓa. Takan ce to. Fiye da haka ba a hirar Yaya da Inna, da ka fara sai ta tuna tana da aiki a madafi.

Sai da na yi aure na dawo Kano na fara aiki sannan na shiga nema. Na fara da waɗanda suka yi karatu a can tare da shi. Yawancinsu sun zama manya, likitoci da injiniyoyi, sun yi tumbi. In ka ambaci Rasha sai su yi murmushi su ba ka labarin ƙanƙara da dankali, in ka ambaci Yaya sai su ce Allah ya jiƙansa, yaro mai ƙwaƙwalwa. Babu ɗayansu da ya taɓa taka ƙauyenmu yana da rai. Wani ya ce yana da irin abin a sito. Matarsa ta fito mini da shi tana toshe hanci, ta yi mini godiya kamar na kwashe mata shara. Na kawo gida da murna, ashe ba irin ta Yaya ba ce. Wannan ta makaranta ce, wadda ake jerawa a aji, ta malami a gaba, na ɗalibai a baya duk a jone da ita. Yarensu ba ɗaya ba ne da ta gida, ko ta tashi ba za ta gane kaset ɗinsa ba. Na rasa yadda zan yi in yar da ita, sai na ajiye. Da ita maƙabartar ta fara.

Daga nan sai abin ya zama ciwo. Na samu wata a wurin 'yan jari-bola, an riga an ɗora ta a sikeli, maɓallanta rabi sun zube kamar haƙoran tsohuwa. Na samu wata a hannun wata bazawara da mijinta ya yi karatun ƙere-ƙere, tana ɗora kwanukan abinci a kai. Wata ɗaliba tawa da ta tafi karatun likita a ɗaya daga cikin ƙasashen da suka ɓalle, na roƙe ta har ta gaji da ni, ta zo mini da biyu a cikin kayanta, a wurin da ya kamata ta sa tsarabar uwarta. Waɗannan irin ta Yaya ce sak. Da na kwance sai na tarar an yashe cikinsu. Ashe a can ma da ƙasar ta rushe, yunwa ta sa mutane sun bi irin waɗannan na'urori suna cizge wasu 'yan korayen ƙwayoyi daga cikinsu, wai akwai ƙarfe mai daraja a ciki. Na zauna ina kallon ramukan. Na ce ashe ba mu kaɗai ba ne muka iya wulaƙanta abin kirki.

Na koyi baƙaƙen Rasha da girmana, ina haɗa su kamar 'yar aji ɗaya. Na koyi liƙi da dalma, na ƙona yatsu, na ƙona zanin da nake ji da shi. A intanet na gano akwai wasu tsofaffi a ƙasashen sanyi masu irin ciwona, suna tara waɗannan akwatuna suna gyarawa suna musu a kansu kamar masu tattabaru. Sukan rubuto dogon bayani, waya ta fassara mini da karyayyar magana, in tsinci abin da zan tsinta. Ɗaya ya tambaye ni me mace a Afirka za ta yi da wannan. Na ba shi labarin Yaya. Bayan wani lokaci sai ga ɗan ƙunshi ya iso da ƙwayoyin da nake nema. Baƙon da bai san inda Kura take ba ya yi wa Yaya abin da garinsu bai yi masa ba.

Tsofaffin nan ne suka gaya mini ana iya ɗaukar ƙarar kaset a waya a ajiye, ko da zaren zai lalace daga baya. Na je gida musamman na roƙi Inna ta ba ni ledar ko na yini ɗaya ne. Lokacin ta tsufa sosai, idonta ya yi hazo. Ta ce, "Ba za su bar ɗakin nan ba. Ranar da kika tayar da akwatin, ki zo da shi nan, a yi a gabana." Na yi mamakin maganar, don shi ne karo na farko da ta nuna tana son ganin wani abu nasa. Na ce to, Inna, ya kusa. Na faɗi wannan "ya kusa" ɗin a sallah ƙarama, na faɗa a babba, na sake faɗa da shekara ta zagayo.

Bara, damina tana ƙarewa, akwatin ya tashi. Na haɗa uku na fitar da ɗaya. Da safe ne ranar Asabar, na jona da wata tsohuwar talabijin, na danna, na kau da kai don na saba da ƙauri. Ban ji ƙauri ba. Da na waiwayo sai ga rubutun Rasha a sama, ga ɗan farin tabo yana ƙiftawa yana jiran umarni, daidai yadda yake yi a shagon Yaya. Na yi guɗa ni kaɗai a ɗaki, har maigidana ya shigo da gudu ya ɗauka wuta ce ta ja ni. Na kira autanmu, wanda yake noma gonar gida yanzu, na ce ya gaya wa Inna gobe ina tafe. Ya ce, "To, Anti, Allah ya kawo ki lafiya." Ban gaya masa dalili ba, so nake in ba su mamaki.

Na naɗe akwatin a bargo na rungume a cinya, talabijin da rakoda a kujerar baya. A hanya ina ta tsara yadda za a yi. Za a shimfiɗa tabarma a tsakar gida kamar wancan karon. Zan aika a kira Baffa, in zaunar da shi a gaba, ya ga kanal ya fito layi-layi, ya ga gonarsa, in tambaye shi ko tafireta tana yin haka. Da muka bar titi muka shiga hanyar gari, shinkafa ta fitar da kai ko'ina, lokacin da tsuntsayen jan-baki suke sauka kamar hadari. Gonakin wajen ƙarshen kanal sai walƙiya suke yi a rana, an ja wasu siraran zaruruwa daga kara zuwa kara, iska tana kaɗa su. Har na ce wa maigidana, "Dubi yadda suka ƙawata gonaki, kamar gidan biki."

Na samu Inna a ɗakinta a kan tabarma. Ta rame, ashe ta yi jinya cikin damina aka ɓoye mini. Bayan gaisuwa na kwance bargon na ɗora hannunta a kan maɓallan. Na ce, "Inna, ga shi ya tashi. Ina ledar?"

Ta janye hannunta a hankali. Ta ce, "Ai sun lalace, 'yar nan."

Na ce, "Me ya lalace?"

"Kaset ɗin. Da na kwanta ciwon nan na ga kamar ba zan jira ki ba. Na sa auta ya nemo mini rediyo mai kaset. Na ce ko sau ɗaya ne in ji abin da yaron nan ya faɗa." Ta gyara mayafinta. "Babu komai a ciki. Ƙara ce kawai, ƙiii, kamar ana yanka ƙarfe. Daɗewa ta cinye muryar. Da auta ya ce tsuntsaye sun dame shi, na ce ya ɗauka, tunda ba su da sauran amfani."

Ban san lokacin da na fita ba. Ko takalmi ban tsaya sawa daidai ba, na bi gefen kanal har gonarmu. Duk manomin shinkafa a wajenmu ya san babu abin da yake korar jan-baki kamar zaren kaset. Yana ƙyalli, yana kuma yin wani gunji idan iska ta buge shi. Da can da kaset yake ko'ina ba a rasa shi, yanzu da kowa ya koma waya ya zama abin nema. Ga shi nan an ja shi tsawon gonar da faɗinta, rana ta nannaɗe shi, raɓa ta jiƙa shi, an ƙulla a nan an tsinke a can. Na kama wani na murza, baƙin jikinsa ya biyo yatsuna. A tsakiyar gonar an kafa mutum-mutumi, an sa masa kwat ɗin Yaya, wadda Baffa ya gama da ita, an ɗaura zaren a hannayenta biyu. Kwat ɗin Rasha ba ta mutuwa, ita kaɗai ce a cikin kayansa ta ƙi lalacewa.

Auta ya taso daga bakin kunya yana murmushi, yana goge hannu a riga. Ya ce, "Anti, kin ga ikon Allah? Bana ko ƙwaya ba su taɓa ba. Ragowar ma na rarraba wa maƙwabta, har faɗa ake yi a kai." Ya nuna mini da hannu, gona bayan gona, duk 'yan ƙarshen kanal, kowacce tana walƙiya.

Baffa yana zaune a inuwar dalbejiya a gaɓar kanal, da sandarsa, ya zo kallon amfanin gona. Ya ji mu. Ya ɗaga murya irin ta wanda kunnensa ya yi nauyi, ya ce, "Ai na faɗa wa mutane, bana dai karatun Injiniya ya yi rana. Allah ya jiƙansa, ya kori tsuntsu."

Ina da baki, duk wanda ya san ni ya sani. A ranar na buɗe shi na rasa abin da zan sa a ciki. In zagi auta, wanda ko wayo bai yi ba lokacin da Yaya ya rasu? In zagi tsohon da ya kusa kabari, wanda har ga Allah a ganinsa yabo ya yi? Na ji haushinsu duka, na ji haushin garin, da kanal ɗin, da masu ofis ɗin da suka ce ya dawo mako mai zuwa, da abokan karatunsa masu tumbi, har da wannan kunya tamu da ake yabo, wadda take hana uwa ta tambayi ɗanta me yake yi a ɗaki. Har yau haushin bai sake ni ba, kuma ba na neman ya sake ni. Na warware ɗan abin da na iya daga jikin kara na dunƙule a hannu, ina sane babu abin da zai karantu a ciki.

Da na koma gida Inna tana inda na bar ta. Maigidana ya riga ya jona komai yana jira, bai san me ake ciki ba. Inna ta ce a kunna mana, tunda an kawo. Na kunna. Ta matso da fuskarta dab da gilashin, hasken yana taɓa goshinta.

Ta ce, "Me yake cewa?"

Na ce, "Ba ya cewa komai. Jira yake."

"Jiran me?"

Na yi niyyar in yi mata ƙarya, in ce shi ma bai gyaru sosai ba, a bar maganar. Bakina ya ƙi. Na ce, "Ƙarar nan da kika ji, Inna. Ita yake jira. Ba lalacewa suka yi ba, haka aikin nasa yake. Ita ce ya yi shekaru yana rubutawa."

Ta daɗe ba ta motsa ba. Ɗan farin tabon yana ta ƙiftawa a gabanta. Na ɗauka za ta yi kuka, ko ta yi salati, ko ta miƙe ta ce tana da aiki a madafi kamar yadda ta saba.

Sai ta ce, "To ai na saurara." Muryarta ƙasa-ƙasa, ba ni take kallo ba. "Ɗaya bayan ɗaya, gaba da baya. Auta ya ce a kashe, kunne zai lalace, na ce ya fita ya ba ni wuri. Na ce ko a can ƙarshe zai yi gaisuwa. Wannan karon ban tashi ba, 'yar nan. Har suka ƙare ban tashi ba."

Na kashe talabijin, na mayar da akwatin cikin bargonsa. Yana nan a ɗakin kusa da kicin tare da sauran, shi kaɗai ne mai rai a cikinsu, ban sake jona shi ba. Bayan girbi auta ya aiko mini da buhun shinkafa, ya ce rabona ne na bana, ta yi kyau ƙwarai. Yara sun cinye ta tas. Ni tuwon masara na yi ta ci har buhun ya ƙare.